Tsohuwar Aska a Zabirar Wanzami: Hanyoyin Gane Ta, Ƙiyasta Shekarunta da Aiki da Ita a Ƙasar Bici

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi tsohuwar askar wanzami a matsayin shaidar tarihi wadda ake iya yi wa tambaya ta ba da amsa. An ɗauki ƙasar Bici ta Jihar Kano a matsayin farfajiyar bayani. An rarrabe askar da maƙeran gida suka ƙera da aska mai naɗewa wadda fatake da kantunan Turawa suka shigo da ita, sannan aka bayyana alamomin da ake bi wajen gane kowacce. Maƙalar ta nuna cewa ba a yanke wa aska shekaru da shaida guda. Sai an haɗa rubutun da ke jikinta, da siffar ƙirarta, da salsalar waɗanda suka riƙe ta, an kuma bambance lokacin da aka ƙera ta da lokacin da ta shigo hannun wanzami. Daga ƙarshe an yi bayanin yadda ake wasa ta da yadda ake aski da ita, da kuma haddin da kiwon lafiya ya sanya wa amfaninta a yau.

1.0 Gabatarwa

Garin Bici yana kan hanyar Kano zuwa Katsina, kimanin kilomita 40 arewa maso yamma da birnin Kano. Ƙasa ce ta manoma, ƙauyuka kusa da kusa, gona tana manne da gona. A irin wannan zama wanzami bai rasa aiki: ga askin suna ranar bakwai, ga kaciyar yara lokacin ɗari, ga ƙaho, ga gyaran fuskar magidanta ranar Juma'a da jajibirin salla, ga kuma zaman rumfa a kasuwanni irin ta Bici da ta Badume. Sana'ar gado ce, kuma abin da ake gada a cikinta, bayan sani da asiri, shi ne zabira da kayan da ke ciki.

Manazarta al'adun Hausawa sun yi rubuce-rubuce masu yawa a kan wanzanci, musamman ta fuskar magani da tsaga da sarautar Sarkin Aska. Ita kanta askar kuwa akan ambace ta ne a jerin kayan aiki, a wuce. Wannan giɓi yana da illa a yanzu, domin injin aski da reza sun ture tsohuwar aska zuwa ƙasan zabira. Idan tsohon wanzami ya kwanta dama, magadan da ba su bi sana'ar ba sukan bar ta ta yi tsatsa, ko ta bi masu sayen tsoffin ƙarafa. Wadda ta tsira kuma akan lanƙaya mata shekarun da ba nata ba, a ce tun zamanin Shehu take, ba tare da an duba jikinta ba.

2.0 Hanyoyin da Aska ta Biyo Zuwa Ƙasar Kano

Askar da ta fi daɗewa a hannun Bahaushe ita ce ta maƙeran baƙi. Ƙasar Kano tsohuwar matattarar ƙira ce, har tarihin kafuwar birnin ma yana haɗe da maƙeran da suka zauna a gindin Dala domin tama. Kafin zuwan Turawa, ƙarfen da ake ƙera aska da shi daga narkakkiyar tama yake fitowa.

Sai dai askar Turai ta riga Turawan mulki isowa. Heinrich Barth, wanda ya shigo Kano a shekarar 1851, ya lissafa kayan Turai da ya tarar a kasuwar birnin, a ciki har da ruwan takubba daga Solingen ta ƙasar Jamus da asake daga lardin Styria na ƙasar Ostiriya. Waɗannan kaya ta Sahara suke biyowa, daga Tarabulus a hannun fataken Gadamas da makamantansu. Ke nan samun askar Turai a zabirar ƙauye ba ya nufin lalle bayan 1903 ta zo.

Hanya ta uku ta buɗe ne da isowar jirgin ƙasa Kano a 1911. Daga 1912 cinikin gyaɗa ya bunƙasa, kuɗi ya shiga hannun manoman karkara, kantunan kamfanoni irin su John Holt da G.B. Ollivant, da UAC wadda aka kafa a 1929, suka cika da kayan ƙarfe na Ingila da Jamus. 'Yan koli suka riƙa sarowa suna zagayawa da su kasuwannin ƙauye. Wannan jirgi kuma shi ne ya sauya ƙira ita kanta, domin ƙarfen waje da tarkacen injuna sun yi arha har narka tama ya ja baya, ya ɓace. Philip Jaggar ya yi nazarin yadda maƙeran birnin Kano suka rayu da irin wannan sauyi a littafinsa na 1994. Saboda haka akwai aska iri uku da mai nazari zai sa rai da su: ƙirar gida da ƙarfen tama, ƙirar gida da ƙarfen waje, da ƙirar Turai.

3.0 Gane Aska

3.1 Askar maƙera

Askar gida galibi ba ta da rubutu. Abin da ke tona asalinta shi ne sawun hannu: gurbin masaba a jikin ƙarfen, da kaurin da bai daidaita ba daga gindi zuwa kai, da kaifin da aka fitar da magagari da dutse. Wanzami yakan ajiye fiye da ɗaya, kowacce da aikinta. Ta aski daban, ta kaciya daban, ga kuma 'yar ƙarama ta tsaga wadda ake yin shaushawa da ita kafin a kafa ƙaho. Kafin a tambayi shekarun aska, ya kamata a fara tambayar aikinta, domin ƙanƙantar askar tsaga ƙira ce, ba cin dutse ba ne.

Ƙarfen tama yakan nuna siraran layuka baƙaƙe da suka bi tsawonsa, wato ragowar dattin da bai gama fita ba wajen narkawa da duka. Ƙarfen masana'anta na zamani galibi ba ya nuna haka. Idan kuma aka ga ragowar haƙoran magagari a gadon bayan aska ko a mariƙinta, an san daga tsohon magagari aka ƙera ta. Duk da haka, samun askar tama da ta kai yau abu ne mai wuya, saboda washi yana cinye ta, kuma maƙeri ba ya zubar da tsohon ƙarfe, mayar da shi wuta yake yi ya fitar da wani abu.

3.2 Aska mai naɗewa

Askar Turai tana da sassa huɗu da ya kamata a sani. Akwai ruwa, wato ƙarfen da ke da kaifi a gefe guda da gadon baya mai kauri a ɗaya gefen. Akwai wuya, inda ruwan ya tsuke kafin ya kai ƙusa, kuma a nan ne maƙeranta suke buga suna da tambari. Akwai wutsiya, ɗan lanƙwasasshen ƙarfen da ya zarce ƙusa, inda ɗan yatsa yake hutawa. Sai ƙota, ɓari biyu da ruwan yake shigewa tsakaninsu idan an naɗe. Ana auna faɗin ruwa da kashi takwas na inci, kuma waɗanda aka fi samu su ne 5/8 da 6/8.

Garuruwa uku ne suka yi fice a wannan ƙira: Sheffield a Ingila, Solingen a Jamus, da Thiers a Faransa. Daga Sheffield akwai Joseph Rodgers & Sons mai tambarin tauraro da kuros, da George Wostenholm mai alamar I*XL, da Wade & Butcher. Daga Solingen akwai J.A. Henckels mai tambarin tagwaye, da Dovo wanda aka kafa a 1906. Sunan gari da tambari su ne abin da za a fara nema, ta hanyar goge wuyan da ɗan mai da tsumma, a karkata shi ga hasken rana.

4.0 Ƙiyasta Shekaru

4.1 Shaidar rubutu

Rubutun wuya yana da amfani ne domin dokokin ciniki da sauyin sarakuna sun bar sawunsu a kansa. A 1887 Ingila ta yi dokar da ta sa kayan Jamus masu shiga kasuwarta suka riƙa ɗaukar rubutun "Made in Germany". A 1890 Amurka ta yi tata dokar haraji, wadda daga 1891 ta wajabta rubuta sunan ƙasar asali a kan kayan da ake shigar mata. Tun daga nan maƙeran Sheffield suka riƙa ƙara kalmar "England" a gefen sunan garinsu. Don haka askar da ke ɗauke da "Sheffield England" ana ɗaukarta ta 1891 ko bayanta. Juya wannan ƙa'ida kuwa yana da haɗari: rashin kalmar "England" ba ya tabbatar da cewa askar ta girmi 1891, tunda dokar ta Amurka ce, kuma ba duk kaya ne aka ƙera domin kasuwarta ba.

Wasu asaken Ingila suna ɗauke da kambi tsakanin haruffa biyu masu nuna mai sarautar lokacin. W.R. na nufin Sarki William na huɗu, 1830 zuwa 1837. V.R. na nufin Sarauniya Victoria, 1837 zuwa 1901. E.R. a tsohuwar aska yana komawa ga Sarki Edward na bakwai, 1901 zuwa 1910. G.R. shi ne mai ruɗarwa, domin yana iya zama George na huɗu, 1820 zuwa 1830, yana kuma iya zama George na biyar, 1910 zuwa 1936, sai siffar askar ta raba gardama.

A ɓangaren Jamus, rubutun "West Germany" ko "W. Germany" yana tsare aska tsakanin 1949 da 1990, lokacin da ƙasar take a rabe. Kalmomin "Stainless" da "Rostfrei" da "Inox" kuma suna nuna ƙarfen da ba ya tsatsa, wanda Harry Brearley ya gano a Sheffield a 1913, don haka ba za a same su a askar da ta riga wannan shekara ba.

4.2 Shaidar siffa da ƙota

Idan aka dubi ruwan aska ta kansa, za a ga ko dai ya sauko miƙe daga gadon baya zuwa kaifi kamar bakin gatari, ko kuma gefensa biyu sun yi kwarmi har ƙarfen ya yi siriri kamar takarda kusa da kaifi. Na farkon shi ne tsohon yayi, mai nauyi, wanda ya mamaye farkon ƙarni na 19. Kwarmi mai zurfi ya yawaita ne daga ƙarshen ƙarnin, bayan an sami injunan da ke iya fafe ƙarfe daidai wa daida. Wutsiya ma tana magana: gajeruwa ce ƙwarai a tsoffin asake, ta riƙa tsawo da lanƙwasa yayin da ƙarnin yake tafiya.

Tsoffin ƙotoci na ƙaho ne ko ƙashi ko hauren giwa ko katako. Ƙashi yana da ƙananan ƙofofi da dauɗa ke cikewa su yi ɗigo-ɗigo baƙi, haure kuwa sumul yake, da siraran layuka masu gicciyar juna. Daga shekarun 1870 aka fara amfani da seluloid, wata irin roba ta farko da ake kwaikwayon haure da ita, wadda idan aka murza ta ta yi ɗumi takan yi ƙanshin kafur. Sai dai ƙota ita ce shaida mafi rauni a nan ƙasar. Zafi da hunturu suna fasa ta, kuma wanzamin ƙauye ba ya jefar da ruwa mai kyau domin ƙota ta karye, sabuwa yake sa a yi masa. Ƙusar da ba ta yi kama da aikin masana'anta ba alama ce ta an taɓa sauyi.

4.3 Shaidar salsala

Askar gida da ba ta da rubutu, da bakin masu ita ake auna ta. Tambayar da ba ta da amfani ita ce "shekararta nawa?", domin amsarta ba ta wuce "ta daɗe". Tambaya mai amfani ita ce: wa ya fara riƙe ta, wa ya ba wa, a zamanin wane sarki, kuma wane maƙeri ne ya ƙera ta ko a wace kasuwa aka saye ta? Mutanen karkarar Kano suna da ma'aunin lokaci da za a iya mayarwa lissafi. Sarki Abbas ya yi mulki daga 1903 zuwa 1919, Usman daga 1919 zuwa 1926, Abdullahi Bayero, wanda ya riƙe ƙasar Bici yana Ciroma kafin ya hau gado, daga 1926 zuwa 1953, Ado Bayero daga 1963 zuwa 2014. Akwai kuma yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, da yaƙin Hitila na 1939 zuwa 1945, da canjin hannun tuƙi na 1972, da shigowar naira a 1973.

Idan ba a sami irin wannan madogara ba, sai a ƙirga hannuwa, a ba kowane tsakanin uba da ɗa shekara 25 zuwa 30. A nan ma akwai wurin zamewa. Kalmar "kaka" a bakin Bahaushe tana iya nufin mahaifin uba, tana iya nufin ƙanensa, tana kuma iya nufin duk wanda ya gabata, kuma zabira takan bi ta hannun wa zuwa ƙane kafin ta sauko ga ɗa. Sunayen mutanen ne za a nema ɗaya bayan ɗaya, a ji yadda kowanne yake da na gabansa.

4.4 Haɗa shaidun

A ƙaddara an sami aska mai naɗewa a wani ƙauyen Bici, wuyanta yana ɗauke da "Sheffield England", ruwanta mai kwarmi, ƙotarta ta katako da ƙusar maƙera, mai ita kuma ya ce kakansa ne ya saye ta kafin Turawa su ci Kano. Rubutun ya ce ba ta riga 1891 ba. Kwarmin ya yarda da haka. Ƙotar ba ta da ta cewa, tunda sauyi ce. Maganar mai ita ba ta zama ƙarya kai tsaye ba, domin tsakanin 1891 da 1903 akwai shekara goma sha biyu, ayarin Sahara kuma yana tafiya a lokacin. Amma idan mai askar ɗan shekara sittin ne, kuma kakan da yake nufi mahaifin ubansa ne, lissafin hannuwa zai fi karkata ga zamanin jirgin ƙasa da kantuna. Abin da ya dace a rubuta shi ne: an ƙera ta a 1891 ko bayanta, mai yiwuwa ta shigo gidan tsakanin zamanin Abbas da na Abdullahi Bayero, ga kuma abin da iyalin suke faɗa. Rubutun jiki yana faɗin shekarar da aska ba za ta riga ba. Ba ya faɗin ranar da ta shiga zabira, domin kaya yana iya shekaru a kanti, ko ya bi hannu biyu kafin ya iso.

5.0 Aiki da Tsohuwar Aska

Kafin a sa tsohuwar aska a fata, sai an duba bakinta. Tsatsar da ke gadon baya ana iya goge ta, amma wadda ta ci rami a kan kaifi ko tsagewar da ta taso daga baki ta kashe askar ta fuskar aiki, sai ajiya. Kada a kai ta ga injin washi na kasuwa. Zafinsa yana kashe taurin ƙarfen, kuma cikin ɗan lokaci yana iya share tambarin da ya shekara ɗari.

Washin askar Turai ya bambanta da na gida. An ƙera ta ne yadda idan aka kwantar da ita a kan dutse, gadon baya da kaifi suna taɓa dutsen tare, kaurin bayan shi ne yake tsayar da karkatar da ake bukata. Ana tura ta kaifi a gaba, ba tare da dannawa ba, a juya ta ta kan gadon baya, a komo. A kan fata kuwa akasin haka ake yi: gadon baya ne a gaba, kaifi yana biye, domin fata miƙar da baki take yi, ba ta cin ƙarfe. Askar gida wadda bayanta bai da wannan kauri, hannun wanzami ne yake tsayar mata da karkata, abin da yaro yake koya da kallo da maimaici a gaban ubansa. Idan aka wasa askar Turai da salon ta gida, ana ɗaga bayanta, bakinta yakan yi kauri, ta daina yin aski mai laushi. Wannan ma shaida ce ga manazarci, domin yanayin cin dutse yana nuna irin hannun da ya riƙe ta. Tsananin cinyewa dai yawan aiki yake nunawa, ba lalle yawan shekaru ba.

Wajen aski, wanzami yakan jiƙa gashi da ruwa da sabulu har ya yi laushi, ya ja fata da yatsun hannun hagu ta miƙe, ya kwantar da aska kusa da fata, abin da bai wuce karkatar digiri 30 ba, ya riƙa ɗaukar gashin da gajeren ja yana bin kwanciyarsa. Aska ba ta tafiya ta tsawon bakinta a kan fata, domin wannan shi ne yanka. Inda ƙashi ya taso ko fata ta yi laushi, hannu yakan rage sauri, Hausawa kuwa sun riga sun ce aski in ya zo gaban goshi ya fi zafi. Bayan an gama sai a wanke ta, a tsane ta sarai, a shafa mata ɗan mai kafin a mayar. Wadda ƙotarta ta seluloid ce ta fara ruɓewa, a raba ta da sauran, saboda iskar da take fitarwa tana sa ƙarfe tsatsa.

Akwai haddin da ba a tsallakewa. Tun da aka ba da rahoton cuta mai karya garkuwar jiki a Nijeriya a 1986, aska guda ga kawuna da yawa ta zama abin tsoro, kuma ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya rayuwa a busasshen jini har kwana bakwai ko fiye. Gasa aska a wuta yana lalata taurinta, tafasawa tana lalata ƙota, shafa sifirit da sauri kuma ba ya ba da tabbaci. Wannan ne ya sa aska mai ɗaukar rabin reza, wadda ake sauya wa baki ga kowane mutum, ta karɓi aikin rumfa. Tsohuwar aska ta dace da mutum ɗaya mai aske kansa da ita, ko kuma ta zauna a matsayin kayan tarihi.

6.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa askar wanzami tana ɗauke da labarin ƙira da fatauci da gado a ƙasar Kano, kuma ana karanta wannan labari ne ta hanyar gwama rubutu da siffa da salsala, a bar kowace shaida ta faɗi iyakar abin da ta sani. Aikin da ke gaban ɗaliban al'ada, musamman na kusa da wurin kamar na Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Bici, bai bukatar kayan aiki masu tsada: hoton wuyan aska gaba da baya, awon tsawo da faɗi, sunan da wanzami yake kiranta da shi, aikin da take yi, da jerin waɗanda suka riƙe ta. Askar da aka raba da zabirarta aka kai gidan tarihi irin Gidan Makama ba tare da wannan bayani ba, rabin shaidarta ya ɓace a hanya. Tambarin Sheffield zai iya jira wasu shekaru a ƙarƙashin tsatsa, amma dattijon da ya san wanda ya sayo askar da abin da aka biya ba zai jira ba, don haka da shi ya kamata a fara.